Kiraren Inna a Gonar Hajja Mabruka

Tun da muka dawo daga Matruh, can bakin tekun Masar, ban huta ba. In na sauka sayen burodi a tare ni, in na je barkar haihuwa a tare ni, har Maman Sadik ta Hadayek el-Maadi sai da ta bugo waya musamman, wai da gaske ne mun ɗauki tsohuwa mun kai ta daji mun kwanar da ita a tanti cikin wannan sanyi? Da gaske ne. Bakina ya gaji da maimaitawa, shi ya sa na zauna na rubuta, wadda ta sake tambaya sai in miƙa mata ta karanta da kanta.

Tsohuwar da ake magana Inna ce, mahaifiyar Malam, maigidana. Daga ƙauyensu na wajen Kazaure aka kawo ta Alƙahira a ƙarshen 2013 don a cire mata yanar ido. Wani likita a Dokki ya yi mata na dama, aiki ya yi kyau, ya ce na hagu sai wannan ya warke sosai. Amma ya ja mana kunne: yanar hagun ta nuna ƙwarai, in aka bar ta ta daɗe, idon zai iya mutuwa gaba ɗaya.

Zaman jiran nan ne ya zame mana aiki. Gidanmu a Ard al-Liwa can sama yake, in ka buɗe taga bangon maƙwabta za ka gani, ƙasa kuwa ƴan tuk-tuk, wato a-daidaita-sahu, ba sa gajiya da hon. Inna mace ce da ta tashi da fartanya a hannu. Kullum sai ta tambaye ni, "Wai ku a nan ina ƙasa take? Tun da na zo ban taka ƙasa ba, sai siminti." Tun tana faɗa da dariya har ta daina dariyar. Ta rage cin abinci, ta rage magana. Wata safiya na tashi na tarar ta ɗaure kayanta tsaf ta zauna a kai.

Ku sani Malam ɗan fari ne, don haka Inna ba ta faɗin sunansa, ba ta ma yi masa magana kai tsaye. Ko suna zaune tabarma ɗaya, ta wajena saƙo yake bi.

Ta ce, "Ƴar nan, ki gaya wa mijinki ya nema mini jirgi. Ido ɗaya ya ishe ni. Karatu zan yi da shi?"

Malam yana nan gefe yana ji, ya sunkuyar da kai ya ce, "Ki ce mata ta yi haƙuri, saura kaɗan."

Ta ce, "Ki ce masa na ji, kuma na ƙi."

Mutumin da yake tsayawa gaban malamai ya yi musu da Larabci har su gyaɗa kai, ranar nan Inna ta gama da shi da magana ɗaya. Wallahi ya ba ni tausayi, kuma ni ma tsoro ya kama ni, don na san in Inna ta koma ƙauye ba mai sake fito da ita, idon kuwa shi ke nan.

Abokin karatunsa ne ya kawo dabara. Sunansa Faraj, Balaraben ƙauye ne daga yammacin Matruh. Suna da fili a wani kwari da ya gangara har bakin teku, da rani suna kafa wa baƙi tantuna su kwana a gonar. Ya ce yanzu hutun tsakiyar shekara ne, ba baƙo ko ɗaya, mu kawo Hajiya ta taka ƙasa. Inna ta yarda da sharaɗi guda: in mun dawo, a saya mata tikiti. Malam ya ce to.

Da sassafe muka hau bas. Inna ta saka baƙin gilashin da likita ya ba ta, wanda ba ta cire shi sai in za ta yi alwala, ta rungume wata ƴar jaka ta ƙi bari a sa mata a ƙasan mota. Na leƙa, ashe kuka ce da daddawa da yaji. Na ce, "Inna, baƙunta fa za mu." Ta ce, "Shi ya sa."

Hanya dai hamada ce, sai shingayen sojoji. A wani shingen bayan mun wuce Alamein wani soja ya hau ya karɓi fasfo ɗinmu, ya duba hoton Inna, ya dubi Inna, ya ce ta cire gilas. Na fassara mata. Ta ce, "Likita ne ya ce in sa, shi likita ne?" Ban fassara masa wannan ba, na dai ce an yi mata aiki a ido. Sai ga bawan Allah ya dafa ƙirji yana cewa alf salama ya Hajja, wato Allah ya ƙara sauƙi, ya miƙo fasfo da hannu biyu. Inna ta ce yaron yana da tarbiyya, yunwa ce kawai take damunsa.

Inda bas ya tsaya cin abinci Malam ya sayo mana ta'amiyya. Ta gutsura ta kai kusa da idonta mai gani, ta ce wannan wane irin ƙosai ne cikinsa kore? Amma ta cinye, na kuwa yi hamdala a zuci.

A tashar Matruh muka tarar da Faraj yana jiranmu da akori-kura, tumaki biyu a baya. Dogo ne, ya sha farar jallabiya da ƴar shara baƙa. Ya durƙusa ya gaida Inna yana kiranta ummi, ni kuwa ko kallona bai yi ba, ya dai yi sallama yana duban taya. Haka al'adarsu take, ba wulaƙanci ba ne. Muka bar kwalta muka shiga burji, muka yi ta hawa da sauka har la'asar, sai ga kwarin a gabanmu.

Ba wani abin kallo ba ne a ido na farko. Tuddan duwatsu ne hagu da dama, tsakiya ƙasa mai laushi, an gitta ta da ƴan katangun dutse don in an yi ruwan sama ya tsaya ya jiƙa gona kafin ya wuce teku. Akwai itatuwan zaitun kore shar. Sauran itatuwan kuwa gajeru ne, sun baje rassa a ƙasa, ba ganye ko ɗaya.

Inna ta ce, "Allah sarki. Rabin gonar bayin Allah ta bushe. Kada ki yi musu maganar, abin da ciwo."

Ni ma haka na ɗauka, ban gane itatuwan ɓaure ne ba, don ɓauren Masar a tire na san shi, ban taɓa ganin uwarsa ba.

Da mota ta tsaya, Inna ta cire takalmi kafin ta sauka. Ta taka ƙasa da tafin ƙafa, ta tsuguna ta damƙi ƙasar ta murza ta sansana. Tun zuwanta Masar ban ga kafaɗunta sun sauko haka ba.

Mahaifiyar Faraj ce ta tare mu, Hajja Mabruka. Tsohuwa ce kakkaura, ta ɗaure ƙugu da jan ɗamara, haɓarta da zanen shuni irin na mutanen da. Larabcinta ba irin na Alƙahira ba ne, ni da nake taƙama da cinikin kasuwa rabi kawai nake kamawa. Amma ita da Inna ba su nemi tafinta ba. Mabruka ta kama hannun Inna ta nuna idon da aka yi wa aiki, Inna ta nuna gwiwar Mabruka da take ɗingishi, kowacce ta girgiza wa ƴar'uwarta kai, shi ke nan an saba.

Masaukinmu tanti ne babba a ƙasan gona, nesa kaɗan da gidansu, an raba shi biyu da labule. Tabarmi ne da katifu a ƙasa, da barguna masu nauyin da in an lulluɓa maka sai ka nemi taimako kafin ka juya. Banɗaki wani ɗan ɗaki ne na dutse ba rufi. Ruwa kuwa daga wata rijiya ake ja, wadda ba ta da idon ruwa, ruwan sama ne ake tarawa a cikinta shekara guda, don haka ko alwala da lissafi ake yi. Sanyi kuma kada ku tambaya. Na Alƙahira wasa ne.

Shayinsu ya ba ni wahala. Kofin ɗan mitsitsi ne, shayin baƙi ƙirin da ɗaci, kuma in kin shanye ba a gama ba, wani na tafe, bayansa wani. A gida in ka ce alhamdu lillahi an ƙyale ka. A nan sai a ce to, a ƙara.

Washegari Faraj ya kai mu bakin teku, tafiyar ƙafa ce daga tanti. Inna ta tsaya ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Wa ya tare shi daga can?" Na ce ba kowa. Ta sa yatsa ta ɗanɗana ta tofar. Ta ce, "Duk wannan ruwa, ga gona tana bushewa a bakinsa. Allah mai iko." Dam ɗin Kazaure, in ji ta, ya fi shi amfani.

Da rana aka kawo abincin da ya jawo komai. Mabruka ta shigo da akushi ta buɗe, sai Inna ta tafa hannu: "Tuwo! Ƴar nan, tuwo ne!" Asida suke kiransa, da garin alkama ake tuƙawa, ya yi sulɓi gwanin kyau. Muna jiran miya, sai muka ga an yi rami a tsakiya an zuba man shanu da zuma. Inna ta dube ni, na dube ta.

Ta ce, "Miyar fa?"

Na ce, "Inna, ita ce wannan."

Ta ci dai don kunya, har ta suɗe hannu, amma tana gamawa ta jawo jakar nan tata ta ce, "Mutanen kirki ne, sai dai ba wanda ya taɓa nuna musu. Gobe ni zan yi musu miya." Na ce sai in roƙa mana itace a gidan. Ta ce a'a, ba a yi wa mutum alheri da itacensa. Na ɗauka magana ce kawai.

Da gari ya waye, bayan mun yi sallah na koma cikin bargo, hayaƙi ne ya tashe ni. Na fito na tarar Inna ta kafa duwatsu uku a bayan tanti, ta ɗora tukunya, tana ta fifita wuta da murfin kwano tana tari. Gefenta ga damin kirare, kowanne kamar tsawon kamu, an jera su tsaf.

Ta ce, "Kiraren garin nan ba su da kirki. Ga taurin kai wajen cirowa, ga su ba sa ci, sai kumfa suke yi."

Na ce, "Cirowa? Daga ina, Inna?"

Ta nuna wani fili can bayan katangar dutse. Ta ce ta tarar da su a tsattsaye cikin ƙasa nan da can, ba mai so, ta bi ta tsince.

Kafin in ce wani abu sai ga Faraj da Malam sun kawo mana burodi. Faraj ya dubi damin nan. Na ga fuskarsa ta sauya. Sai ya ajiye burodin ya ce, "Sabahal khair ya ummi," wato ina kwana, ya juya ya tafi da sauri. Malam ya bi shi. Da ya dawo, sai ya matso kusa da ni.

Ya ce da ni a hankali, "Dashen ɓaure ne. Itatuwan can ba bushewa suka yi ba, haka suke zubar da ganye da sanyi. Reshe ake yanka a binne, ya yi saiwa. Hajja Mabruka ce ta dasa su da hannunta bayan ruwan da aka yi, daga wajen ɗan'uwanta aka kawo irin. Faraj ya ce kada a gaya wa Inna. Ya ce baƙo ba ya laifi a wajensu."

Inna idonta ne bai cika gani ba, kunnenta ras yake. Ta ajiye murfin kwanon. Ta ɗauki kirare ɗaya ta kankare shi da farce, sai ga kore, ga farin ruwa yana tsattsafowa. Ta cire gilas ta kai shi dab da ido.

Ta ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Rogo. Yadda ake dasa rogo." Ta juyo ta dube ni. "Ni da na tsufa ina dasa rogo, ni ce yau na bi gonar mutane ina tumɓuke musu shuka? Da akuya ce ta yi mini haka a gida, sai mai ita ya ji a jikinsa."

Ban taɓa ganin hawayen Inna ba sai ranar. Na ce a raina shi ke nan, mun kawo ta don ta sake, ga shi mun ƙara mata dalilin tafiya.

Ta janye waɗanda ke cikin wuta, ƴan kaɗan ne suka ƙone. Sauran ta jiƙa ɗankwalinta ta naɗe su, ta ɗora a ka, ta ce in wuce gaba. Malam ya ce in ce mata ta bari shi zai je. Ta ce in ce masa ba shi ya cire ba.

Muka tarar da Mabruka a tsakar gida tana gasa burodi. Inna ta sauke damin a gabanta, ta durƙusa har ƙasa, tsohuwa da ita. Ta ce, "Ki gaya mata ni ce. Ki gaya mata ni manomiya ce, na san abin da na yi." Na harhaɗa Larabcina na faɗa.

Mabruka ta buɗe ɗankwalin, ta daɗe tana jujjuya rassan. Ba zan yi muku ƙarya ba, ranta ya ɓaci, na gani a bakinta. Sai ta tambaye ni me Inna za ta yi da su. Na ce miya za ta dafa musu, don ta ga suna cin tuwo ba miya. Tsohuwar nan ta dube ni, ta dubi Inna, sai dariya ta ƙwace mata, ta yi ta yi har tana riƙe jan ɗamararta. Ta kama Inna ta tayar, tana cewa ma'alish, ma'alish, wato ba komai. Sannan ta ɗauko ƙaramar fartanya da bokiti ta ce, "Yalla," wato mu je.

Ranar nan tsofaffin biyu suka wuni a filin. Mabruka tana nuna inda ramin yake, Inna tana tonawa, ni ina bin su da ruwa kofi-kofi. Mabruka ta nuna mata yadda ake gane kai da gindi, kada a dasa reshe a kife, Inna ta ce haka rogo ma yake. Na yi ta magiya kada ta yawaita sunkuyo saboda idon, ta ce in rufa mata baki. Malam da Faraj suka zo taimako aka kore su. Da yamma aka tuƙa asida, Inna ta kaɗa miyar kuka da itacen gidan. Faraj ya ce tamam, tamam, wai ta yi daɗi, yana shan ruwa bayan kowace loma. Mabruka kuwa ta ci, sannan ta miƙa hannu ta jawo zumarta.

Ranar da za mu taho, Inna ta sa na tambayi Mabruka ko za su kama. Mabruka ta ɗaga hannu sama, ta ce sun sha iska, wasu za su yi wasu ba za su yi ba, ba mai sani sai zafi ya fara shigowa ganye ya fito. Ta ƙara da cewa a wajensu wanda ya dasa shi yake zuwa ya duba. Inna ta tambaya yaushe ke nan. Aka ce sai nan da wata biyu ko fiye.

Muka kamo hanya a bas har muka wuce shingen sojan nan. Ni da Malam hankalinmu bai kwanta ba, don mun san alkawarin tikiti na jiranmu. Sai da fitilun Alƙahira suka fara bayyana Inna ta taɓa ni.

Ta ce, "Ƴar nan, ki gaya wa mijinki ya je ya ga likitan nan. Da ido ɗaya na yi ɓarnar, ba zan koma duba ta da ido ɗaya ba."

Malam ya juya fuska wajen taga, ya daɗe bai juyo ba.

An yi aikin, kuma alhamdu lillahi ya yi kyau. Kayan da ta ɗaure ta kwance su da kanta. Har yanzu tana zagin siminti da ƴan tuk-tuk, amma tana cin abinci, kuma kullum bayan sallar asuba sai ta sa an tambayi Faraj labarin gona. Shekaranjiya ya aiko wa Malam hoto a waya, wai wasu sun fara fitar da ganye. Malam ya taho da murna yana miƙa mata wayar. Inna ta kawar da kai ta rufe idanunta duka biyu da tafin hannu.

Ta ce, "Ki gaya wa mijinki ya mayar da abarsa aljihu. Da ƙafata zan je in gani."